Makabartar da Teku Ke Buɗewa Sau Biyu a Rana: Lyme Regis da Haƙƙin Mary Anning

A kudu maso yammacin Ingila, cikin gundumar Dorset, akwai wani ƙaramin gari na bakin teku mai suna Lyme Regis, wanda mazaunansa ba su kai dubu huɗu ba. Wanda ya bar tsohuwar katangar tashar jiragen ruwan garin ya nufi yamma, ya bi gaɓar da ake kira Monmouth, zai kai wani wuri da ba a ganinsa sai teku ta janye. Shimfiɗaɗɗen dutse ne mai launin toka, kamar daɓen siminti. A jikinsa akwai ɗaruruwan zane masu murɗewa irin na bayan dodon koɗi, wasu kamar tafin hannu, wasu sun fi faifai faɗi. Burbushin wasu halittun teku ne da ake kira amonayit, waɗanda masana suka ƙiyasta sun rayu kimanin shekara miliyan 200 da suka wuce. Wasu na kiran wurin daɓen amonayit, wasu kuma makabartar amonayit.

Mai son ganin wannan daɓe dole ya bi lokacin teku. Ruwan yana tumbatsa ya kuma janye kusan sau biyu a kowace rana, saboda jan da wata da rana ke yi masa, kuma lokacin yana jinkirta da kimanin minti 50 kullum. Janyewar ta fi nisa a kwanakin tsayuwar wata da kuma wajen daren sha huɗu. 'Yan sa'o'i ne kawai ake samu kafin ruwa ya dawo ya rufe komai, kuma wanda ya shagala yana iya samun kansa tsakanin igiyar ruwa da bangon dutsen da ba ya hawuwa.

Waɗannan 'yan sa'o'i suna da matsayi babba a tarihin kimiyya. A cikinsu ne, a farkon ƙarni na 19, aka tono wasu daga cikin hujjojin da suka sauya fahimtar Turawa game da daɗewar duniya da halittun da suka shuɗe. Wadda ta tono mafi muhimmancinsu 'yar wani kafinta ce da ba ta yi karatu mai zurfi ba, kuma an ɗauki fiye da ƙarni guda kafin sunanta ya zauna inda ya kamata.

Gaɓar da ba ta zama wuri ɗaya

A zamanin da waɗannan halittu ke raye, yankin Dorset yana ƙarƙashin wata teku mai ɗumi. Ƙasan tekun laka ce mai ƙarancin iskar shaƙa, don haka idan dabba ta mutu ta nutse, babu abubuwa da yawa da za su cinye gawar ko su warwatsa ƙasusuwan. Laka ta rufe ta, wata ta hau kan wata, har nauyi da tsawon zamani suka mayar da ita dutse. Shi ya sa bangon gaɓar yake hawa-hawa: falle na dutse mai tauri, falle na daskararriyar laka mai laushi, ana ganinsu kamar shafukan littafi.

A saman waɗannan fallaye akwai ƙasa mai yashi wadda ruwan sama ke ratsawa. Idan ruwan ya sauka ya tarar da laka, sai ya rasa hanya, ya jiƙa ta, ta yi santsi, duk abin da ke kanta ya zame zuwa teku. Wannan ya sa gaɓar Lyme Regis take cikin wuraren da suka fi fama da zaftarewar ƙasa a Turai. A lokacin Kirsimetin 1839, wani makeken fili na gonaki a Bindon, yamma da garin, ya tsage ya zame. A watan Mayun 2008 ma wata zaftarewar mai tsawon kimanin mita 400 ta auku a gabashin garin, har ta tono tsohuwar bolar garin ta watsa ta a bakin teku.

Kowace zaftarewa tana fito da burbushin da ya yi miliyoyin shekaru a binne, sai dai tekun da ta wanke shi ita ce kuma take farfasa shi cikin 'yan kwanaki. Saboda haka neman burbushi a nan aikin hunturu ne, bayan guguwa, lokacin da bangon dutse ya fi haɗari. Masanin da ke zaune a Oxford ko Landan, mai zuwa hutu sau ɗaya a shekara, ba zai iya shi ba. Sai ɗan gari, wanda ya san halin ruwan, kuma talauci ya hana shi zama a gida ranar sanyi.

Gidan kafinta

Tun kafin masana su zo, mutanen yankin sun san waɗannan duwatsu. Amonayit suna ce masa dutsen maciji, don sun ɗauka maciji ne ya naɗe ya daskare. Wasu dogayen burbushi masu tsini kuma suna kiransu yatsun shaiɗan. Da yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan juyin juya halin Faransa suka hana masu kuɗin Ingila yawon buɗe ido a Turai, sai suka koma garuruwan bakin tekun ƙasarsu, Lyme Regis na ciki. Talakawan garin suka samu kasuwa: suna tsinto duwatsun, su wanke, su sayar wa baƙi a matsayin tsaraba.

Richard Anning, kafinta ne, yana cikin masu wannan sana'a don cike giɓin cefane. Shi da matarsa Molly sun haifi 'ya'ya goma, biyu kaɗai suka girma: Joseph da Mary, wadda aka haifa ranar 21 ga Mayu, 1799. Iyalin ba mabiya Cocin Ingila ba ne, suna bin wata ɗariƙar Kirista ta daban, kuma a wancan zamani irin waɗannan mutane ba su da damar samun digiri a Oxford ko Cambridge. A makarantar cocinsu ta ranar Lahadi Mary ta koyi karatu da rubutu. Richard ya rasu a 1810 bayan fama da tarin fuka da kuma raunin faɗowa daga kan gaɓa, ya bar iyalin da bashi, har suka koma karɓar tallafin da ake ba matalauta. Mary tana da shekara 11.

A 1811 Joseph ya gano wani ƙoƙon kai mai tsawon fiye da mita ɗaya, da dogon baki cike da haƙora da manyan ramukan ido. Mutane suka ce kada ne. Bayan watanni, a 1812, Mary ta gano sauran jikin, aka ɗauko ma'aikata suka tono shi. Mai gonakin yankin, Henry Hoste Henley, ya saya a kan kimanin fam 23, daga nan ya tafi Landan aka baje shi ga masu kallo, daga baya Gidan Tarihin Birtaniya ya saye shi a gwanjo a 1819. Wani likita mai suna Everard Home ya fara rubuta maƙalu a kansa tun 1814, bai ambaci yaran da suka gano shi ba ko sau ɗaya. Dabbar ita ce aka sa wa suna Ichthyosaurus, ma'ana ƙadangare mai siffar kifi.

Ƙasusuwan da suka tayar da muhawara

Don a gane nauyin abin, sai a tuna yadda yawancin Turawan lokacin ke kallon duniya. Lissafin da wani babban limamin coci, James Ussher, ya yi a ƙarni na 17, cewa an halicci duniya shekara 4004 kafin haihuwar Annabi Isa, yana nan a gefen shafukan Baibul da yawa. Ra'ayin cewa wani jinsin halitta zai iya ƙarewa ƙurmus daga doron ƙasa sabon abu ne. Masanin Faransa Georges Cuvier ya kafa hujja a kansa a 1796, amma masu musu suna cewa wataƙila dabbobin suna raye a wani lungun duniya da ba a kai ba. Ƙasusuwan Lyme Regis sun raunana wannan musu ƙwarai, domin babu wani abu mai rai da ya yi kama da su.

A watan Disamban 1823 Mary ta gano cikakken ƙwarangwal na wata dabbar da ta fi ta farko ban mamaki: ƙaramin kai, faffaɗan jiki, ƙafafu huɗu kamar filafilin kwalekwale, da wuya mai gaɓoɓi fiye da 30. Da zanen ya kai hannun Cuvier a Faris, sai ya yi zargin haɗi ne, an ɗauko kan wata dabba an liƙa a jikin wata. Ga macen da ke ci da wannan sana'a, irin wannan zargi daga bakin mutumin da ya fi kowa suna a fannin yana iya rufe mata kasuwa har abada. An kai ƙwarangwal ɗin Landan, masana suka duba, aka tabbatar da ingancinsa, Cuvier ya janye maganarsa. A watan Fabrairun 1824 William Conybeare ya gabatar da dabbar, Plesiosaurus, a gaban Ƙungiyar Masana Duwatsu ta Landan. Ba a gayyaci Mary ba, kuma bai kira sunanta ba.

A 1828 ta gano burbushin wata dabba mai fukafukai daga dangin ƙadangaru masu tashi, irinsa na farko da aka samu a wajen Jamus. Amma aikinta ya wuce tsintuwa. Ta riƙa aro maƙalun masana tana kwafe su da hannu, har da zane-zanensu. Tana feɗe kifayen zamani don ta gwada ƙirarsu da abin da take gani a dutse. Ita ce ta lura cewa wasu dunƙulallun duwatsu da ake yawan samu suna fitowa ne daga wajen cikin Ichthyosaurus, kuma idan an fasa su ana ganin ƙayar kifi da ɓawonsa a ciki. Kashin dabbobin ne ya daskare. William Buckland na Oxford ya wallafa wannan bayani a 1829, kuma shi kam ya ambace ta. Daga nan aka samu hanyar sanin abin da dabbobin da suka shuɗe ke ci, wato wa ke cin wa a waccan teku.

A kan wannan sani ne Henry De la Beche, wanda ya taso a Lyme Regis kuma ya san Mary tun suna matasa, ya yi wani zane a 1830 mai suna Duria Antiquior, yana nuna dabbobin a raye suna farautar juna. Shi ne zane na farko da ya yaɗu wanda ya kwatanta rayuwar wancan zamani bisa hujjar burbushi. An buga kwafe-kwafensa aka sayar, aka ba Mary kuɗin, saboda a lokacin tana cikin matsi.

Wanda ya tono da wanda ya saya

Ba daidai ba ne a ce masanan zamaninta duk sun zalunce ta. A 1820 wani tsohon soja mai tara burbushi, Thomas Birch, ya ga iyalin na shirin sayar da kayan ɗaki don biyan haya, sai ya yi gwanjon abin da ya tara, wanda ya kawo kimanin fam 400, don ya taimaka musu. Louis Agassiz ya ziyarce ta a 1834, ya kuma sa wa jinsin kifaye biyu sunanta. Bayan ta yi asarar ajiyarta a wani jarin da ya lalace a tsakiyar shekarun 1830, Buckland da wasu suka nema mata fansho na fam 25 a shekara. Shagon da ta buɗe a 1826 ya yi suna har Sarkin Saxony ya shiga cikinsa a 1844 ya sayi ƙwarangwal.

Matsalar tana cikin tsarin ne. Ƙungiyar Masana Duwatsu, wadda aka kafa a 1807, ba ta karɓi mata a matsayin cikakkun mambobi ba sai 1919. Al'adar gidajen tarihi kuma ita ce a rubuta sunan wanda ya ba da kyautar abu, don haka attajirin da ya saya ya miƙa shi ne ke shiga rajista, wanda ya tono kuwa ya ɓace. Da zarar kuɗi ya shiga tsakani, ana ɗaukar mai sayarwa ɗan kasuwa, mai saye kuma masani. Mary ta sayar ne don ta ci abinci, kuma sayarwar ce ta share sunanta daga kan abin da ta gano. Abin da aka wallafa da sunanta a mujallar kimiyya a duk rayuwarta bai wuce wani yanki na wasiƙa ba, a 1839, inda take gyara wa wani marubuci magana a kan burbushin wani kifi. Wata matashiya da ke raka ta bakin teku, Anna Pinney, ta rubuta cewa Mary na ƙorafin masana sun kwashi saninta sun yi suna da shi, ita kuwa ba ta samu komai ba.

Ga kuma haɗarin da mai saye ba ya gani. A 1833 ƙasa ta zaftaro ta kashe karenta, Tray, a gabanta, ita ma da ƙyar ta tsira. Ta ci gaba da fita har sankarar mama ta kwantar da ita. Ta rasu ranar 9 ga Maris, 1847, tana da shekara 47, shekara 12 kafin Charles Darwin ya wallafa littafinsa kan asalin jinsunan halittu. De la Beche, wanda a lokacin shi ne shugaban ƙungiyar da ba ta karɓe ta ba, ya yi mata ta'aziyya a jawabinsa na shekara, karramawar da aka saba keɓe wa mambobi. A 1850 aka sa tagar gilashi mai zane don tunawa da ita a cocin garin.

Cikakken yabo ya zo a makare. A 2010 Royal Society ta sanya ta cikin mata goma na Birtaniya da suka fi tasiri a tarihin kimiyya. A 2021 aka buga kuɗin ƙarfe na tunawa da dabbobin da ta gano. Mutum-mutuminta kuwa sai ranar 21 ga Mayu, 2022 aka kafa shi a Lyme Regis, bayan gangamin tara kuɗi da wata 'yar makaranta da mahaifiyarta suka fara. Gidan tarihin garin yana tsaye ne a kan filin gidan da aka haife ta.

Abin da baƙo ke tararwa a yau

A 2001 hukumar UNESCO ta sanya wannan gaɓa cikin wuraren tarihi na duniya. Tsawonta kimanin kilomita 150 ne, daga Exmouth zuwa Studland, kuma duwatsunta na ɗauke da tarihin shekara miliyan 185 a jere. Abin lura shi ne dokar wurin ta saɓa da ta yawancin wuraren tarihi. A wasu wurare kiyayewa na nufin kada a taɓa komai. A nan, abin da ba a ɗauka ba teku ce za ta niƙe shi. Shi ya sa aka yarda baƙo ya tsinci burbushin da ya faɗo bakin ruwa ya tafi da shi gida. Abin da aka hana shi ne haƙar bango ko fasa daɓen amonayit da guduma.

Tun ƙarshen shekarun 1990 akwai ƙa'idar da masu filaye da masana da masu sana'ar tono suka amince da ita a yammacin Dorset. Duk wanda ya gano abu mai muhimmanci ga kimiyya zai kai a rubuta shi a cibiyar da ke Charmouth, garin da ke maƙwabtaka da Lyme Regis, kuma idan zai sayar, gidajen tarihin ƙasar za a fara yi wa tayi. Mai tono yana riƙe da haƙƙinsa, sunansa kuma yana shiga rajista. Wannan shi ne ainihin abin da aka hana Mary Anning. Har yanzu manyan abubuwan da ake ganowa a gaɓar suna fitowa ne daga hannun irin mutanenta. Steve Etches, mai gyaran famfo ne da ya shafe shekaru yana tara burbushi a Kimmeridge, can gabashin gaɓar, kuma a 2016 aka buɗe gidan tarihi na musamman don abin da ya tara.

Shi kansa daɓen amonayit ba mai dawwama ba ne. Guguwar hunturu tana ɓamɓare manyan ɓangarorinsa, masana kuma na ɗaukar hotunansa dalla-dalla don a samu abin dubawa bayan ya tafi. Masu kula da gaɓar kan gargaɗi baƙi su duba jadawalin ruwa, su fita yayin da teku ke janyewa, su kuma nisanci gindin bango, domin faɗowar dutse ta taɓa yin kisa a wannan gaɓa.

Labarin bai tsaya a Ingila ba. Masana sun nuna cewa a wasu zamunna teku ta taɓa ratsa yankin da yanzu yake Sahara, ta malale sassan Nijar da arewacin Nijeriya. Ana samun amonayit a duwatsun da ake haƙa don yin siminti a Ashaka ta jihar Gombe. Akwai wata dabbar teku da masanan Italiya suka raɗa wa suna Goronyosaurus a 1972, daga sunan Goronyo ta ƙasar Sakkwato. A Nijar, filin Gadoufaoua da ke yankin Agadas ya ba da Ouranosaurus da Nigersaurus, wata dabbar kuma, Jobaria, an ciro sunanta ne daga tatsuniyar Abzinawa, waɗanda sun san ƙasusuwan tun kafin zuwan masu bincike. A irin waɗannan wurare ana iya samun makiyayi, ko ɗan jagora, ko leburan haƙar dutse da ya fara ganin abin ya nuna. Rajistar Charmouth ta nuna cewa gyaran ba ya buƙatar kuɗi mai yawa: littafi ne da ake rubuta abin da aka gano, da wurin, da ranar, da sunan wanda ya gano shi, kafin abin ya bar hannunsa.